Cinya Ba Mazaunin Yaro Ba Ce a Mota

'Ya'yana, musamman ku da Allah Ya hore wa abin hawa kuka kuma fara tara iyali, ku ba ni aron kunnuwanku. Ina ganinku da yamma a kan titi: magidanci ya ɗora ɗansa ɗan shekara biyu a cinya, hannun yaron a kan sitiyari, uban sai murmushi yake. Ko kuwa uwargida ce a gaba, ta rungume jinjiri a ƙirji. Na san so ne ya kawo haka, shi ya sa zan bi ku a hankali.

Mota in tana gudu, duk abin da ke cikinta gudunta yake yi. In ta daki wani abu ta tsaya cak, jikin da ba a ɗaure ba wucewa yake yi, sai ya haɗu da gilas ko ƙarfe. Gudun kilomita 50 a awa, wanda ko a cikin gari rainawa kuke yi, karonsa daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, kamar daga saman bene mai hawa uku. A wannan ƙiftawar ido, yaro mai kilo 10 yakan fizge da ƙarfin ɗaruruwan kilo. Babu uwar da hannunta zai riƙe shi, duk yawan son da take masa. In kuma ita ba ta ɗaura bel ba, jikinta ne zai danne shi da gaban motar. Jakar iskar nan da ke fashewa lokacin karo ma, don ƙirjin babba aka yi ta. Ƙaramin yaro tana iya karya masa wuya.

Mazaunin yaro kujerar baya ce. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, wadda aka kafa a 1988, ta hana zaunar da wanda bai kai shekara 12 ba a gaba, kuma tun 2003 take tilasta ɗaura bel. Amma ku duba yadda muke yi: sai an hango jami'an a gaba a jawo bel, ana wuce su a sake shi. Su jami'an ba su ne za su daki gilas ba.

Bel ɗin babba kuma bai dace da ƙaramin jiki ba, don a wuyansa yake bi, ba a kafaɗa ba. Shi ya sa aka yi kujerar yara. Ta jariri baya take fuskanta, saboda kansa ya yi wa wuyansa nauyi, gadon bayan kujerar ne zai tallafe shi. Na san za ku ce tsada. To, ku kwatanta da kuɗin wayar da ke aljihunku. In dai babu hali tukuna, babba ya zauna da yaron a baya, direba ya rage gudu sosai, kuma kada a haɗa uwa da ɗa a bel guda.

Akwai maganar da takan zo bakin mutane a nan: in kwana ya ƙare, ya ƙare. Gaskiya ne, rai na hannun Allah. Amma malamanmu ba su taɓa koya mana cewa tawakkali shi ne sakin raƙumi babu ɗauri ba. Kuma kai da ka zaɓi gudu, da hankalinka ka zaɓa. Yaron da ke bayanka amana ne, ba a yi shawara da shi ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, kuma daga ɗan shekara 5 zuwa 29 babu abin da ya kai haɗarin hanya kashe su. Ku ne ke nan da ƙannenku da 'ya'yanku.

Ranar kai amarya da tafiyar Sallah sun fi ba ni tsoro. A cusa yara takwas a mazaunin mutum uku, samari su shiga tsere da juna. Ka iya cewa a'a, ko da gwaggo za ta ji haushi. A adaidaita sahu kuwa, yaro tsakiya, manya a gefe.

A gida ma kada ku saki jiki. Kafin ka yi ribas, zagaya motar da ƙafarka, ka leƙa ƙarƙashinta, don mai rarrafe ba ya fitowa a madubi. In ka ajiye ta, ka kulle, ka ɗauke makulli daga inda hannun yara zai kai. Yara kan shiga mota wasan ɓuya ƙofa ta rufe da su, kuma a zafin Maris da Afrilu mota rufaffiya takan yi zafin kisa cikin mintuna kaɗan. Duk ranar da aka nemi yaro aka rasa, kafin a bazama maƙwabta, a fara duba rijiya da cikin mota, har da but.