DARASIN KIWO: WANE KARE YA DACE DA GARKE DA GIDA?



Darasinmu na wannan karo a kan kare yake. Akwai gardamar da ba ta ƙarewa a bakin rijiyoyi da kasuwannin bisashe, tun daga Kasuwar Dole ta birnin Damagaram har Gidimuni, Mazamni da Damagaram Takaya. Wani ya ce ba kare sai na Azawak. Wani ya ce a'a, karen Turawa ya fi, wanda ake ce ma berje. Wani kuma ya ce a haɗa su a samu barbarar yanyawa, ta ɗauko ƙarfin wannan da juriyar wancan. Za mu auna kowane ɗaya, amma tun yanzu ku riƙe wannan: sunan iri ba shi ke gadin garke ba. Abin da ya fi shi nauyi shi ne sanin inda kwikwiyon ya fito, da yadda aka tashe shi, da allurar da aka yi mishi.

1. ME KAKE SO KARE YA YI MA?

Kafin ka tambayi iri, tambayi kanka aikin. Malamanmu sun bayyana cewa an yarda a riƙe kare don gadin bisashe, don gadin gona, da don farauta. Kowane aiki da karenshi. Mai gadin tumaki da awaki a daji ana son shi natsattse, mai kwana cikin garke, mai haushi in dila ko kura ko ɓarawo ya matso. Mai gadin gida ana son wanda ya san yara, ya san baƙon da maigida ya tarba. Karen farauta kuwa ƙafa gare shi da ido, amma in bai saba da ɗan akuya ba, da ya gan shi yana tsalle sai ya bi shi.

Sai tambaya ta biyu: kana da abin ciyar da shi har watan bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma nono ya ja baya? Karen da ke kwana da yunwa shi ke shiga kajin maƙwabta, shi ke tone mushe, shi ke jawo ma maigidanshi shari'a gaban maigari.

2. KARNUKA HUƊU DA AKE GARDAMA A KANSU

a) Karen gida na ƙasarmu. Shi ne ja ko rawaya mai gajeren gashi da kuke gani ko'ina. Ba shi da suna a littafin Turawa, amma kakanninshi sun sha rana da ƙishirwa da kaska a wannan ƙasa, waɗanda suka kasa sun mutu, masu juriya suka bar iri. Tuwo da tsaki da ragowar fura sun riƙe shi. Aibinshi guda: ana raina shi, ba a horar da shi, ba a kai shi allura.

b) Karen Azawak. Sunanshi daga kwarin Azawak ya fito, tsakanin Nijar da Mali. Abzinawa na ce ma tsantsar irin oska. Dogon ƙafa ne, siririn ciki. Namiji na kai santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa, nauyinshi kilo 20 zuwa 25, mace kilo 15 zuwa 20. Yana jure zafi ƙwarai, yana gadin zango, ba ya sakin jiki da baƙo. A farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, a 2019 kuma babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta sa shi cikin jerin irin da ta yarda da su. Kun ga abin da ke hannunmu wasu can sun san darajarshi. Amma ku lura: kare ne na fili. Ɗaure shi cikin ƙaramin gida a gari zalunci ne, kuma yakan sa shi faɗa. Sannan jininshi na bin barewa da zomo, alhali farauta a Nijar tana ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta shekarar 1998. Wanda ke kiwo wajen Tarmit, inda aka keɓe gandun namun daji tun 2012, ya kama karenshi.

c) Karen Turawa, kamar berje na Jamus. Yana da kai, yana ɗaukar horo, shi ya sa soja da ƴan sanda ke aiki da shi. Amma namiji na kai kilo 30 zuwa 40, kenan cinshi ya fi na namu nesa. Gashinshi riɓi biyu ne, an yi shi don sanyi, mu kuwa a bazara zafi na wuce digiri 40. Ciwon da kaska ke sa ma kare, mai kawo zazzaɓi da haɓo da ramewa, ya fi tsanani ga wannan iri. Haka zawon jini na kwiyakwiyai, wanda ya ɓulla a duniya a 1978. Da yawa kuma suna gadon ciwon ƙugu. Mai gida a birni, da inuwa da ruwa da likitan dabbobi kusa, yana iya riƙe shi. Bin garke daga Damargu zuwa kudu kuwa ba aikinshi ba ne.

d) Barbarar yanyawa. Masu son ta suna da hujja: sau da yawa ɗan haɗi ya fi uban nashi na waje lafiya. Amma haɗi ba awo ba ne da za ka ce a ba ka rabi da rabi. Cikin haihuwa guda wani ya ɗauko gashin uba, wani halin uwa, wani ya haɗa girman jiki da saurin cizo. Ƙaramar karya da aka haɗa da ƙaton kare kuma takan sha wuya wajen haihuwa. In ka san uwa ka san uba, kuma halinsu ya gamshe ka, ba laifi. In dillali ne kawai ya ce maka "wannan jinin berje ne" don kunnenshi a tsaye, ka riƙe kuɗinka.

3. DARASI DAGA WASU ƘASASHE

A ƙasar Namibiya, tun 1994 wata ƙungiyar kare namun daji ke ba makiyaya manyan karnukan gadi ƴan asalin Turkiyya don tsare awaki da tumaki daga rabbi, wato dangin damisa mai tsananin gudu. Asarar bisashe ta ragu sosai. A maƙwabciyarta Botswana kuwa an yi irin wannan aiki da karnukan gida na ƙasar, aka ga su ma sun iya, ga sauƙin ciyarwa, ga jure rana. Abin da ya haɗa su biyun: tun kwikwiyo na ƙarami ake sa shi cikin garke, ya tashi yana ganin awaki su ne danginshi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

4. INA ZA KA SAMO KWIKWIYO?

Nan ne gaɓar darasin. Hausawa sun ce tsintacciyar mage ba ta mage. To, tsintaccen kare ya fi ta haɗari, don yana iya shigo maka da ajali gida.

- Ka karɓa daga hannun wanda ka sani, makiyayi ɗan'uwanka ko maƙwabci, inda za ka je ka ga uwar da idonka. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In uwar na kwana da garke ba ta taɓa ƴan raguna, alama ce mai kyau. In mai cizon yara ce ko mai cin kaji, ka haƙura.
- Ka tambaya ko an yi ma uwar allurar haukan kare, a nuna maka takardar, wadda muke ce ma karne.
- Ka tambaya ko wani kare ya haukace ko ya mutu ba dalili a wannan gari cikin wata shida da suka wuce.
- Kada ka raba shi da uwa kafin ya cika sati 8. Cikin karya wata biyu ne, wajen kwana 63, don haka kana iya kama magana tun kafin ta haihu.
- Duba shi: ido garau, hanci ba majina, dasashi ja ba fari ba, ciki ba kumburi, gindi ba alamar zawo, fata ba ƙazuwa. Ka zaɓi mai zuwa wajenka a natse, ba mai ɓoyewa ba, ba mai gurnani ba.
- Kada ka sayi kwikwiyo cikin kwali a tasha ko bakin kasuwa, wanda ba a san uwarshi ba. Wasu sata ne, wasu an raba su da nono tun ido bai gama buɗewa ba. Duk wanda ya saya, shi ke ƙarfafa masu wannan sana'a.
- Ka gargaɗi yara masu kiwo kada su ɗauko ɗan kare ko ɗan dila daga daji. Dabbar dajin da ta daina tsoron mutum abar zargi ce.

5. HAUKAN KARE: DALILIN DUK WANNAN TAKA-TSANTSAN

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta na kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya. Kusan duka daga cizon kare ne, kuma huɗu cikin goma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Waɗannan su ne masu kora mana awaki.

Ƙwayar cutar na cikin miyau. Bayan cizo tana iya yin sati biyu ko watanni cikin jikin kare ba alama. Shi ya sa kwikwiyo ke iya zuwa gidanka lafiya lau ga ido, alhali yana ɗauke da ita. Ba kowane mahaukacin kare ke faɗa ba: wani sai ya yi shiru, haɓarshi ta saki, miyau na zuba, ƙafafun baya su mutu. Saniya, jaki, raƙumi da tunkiya duk suna kamuwa. Saniya mai kuka ba tsayawa, tana dalala kamar wani abu ya maƙale mata a wuya, kada ka sa mata hannu a baki, kira ma'aikacin kiwo.

Ba irin karen da ya fi ƙarfin wannan cuta, na Azawak ne ko na Jamus. Allura kawai ke tsare shi: ta fari yana da wata 3, sannan a maimaita kowace shekara. Masana sun nuna in karnuka bakwai cikin goma na gari sun samu allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Don haka aikin na gari ne duka, ba na mutum guda ba.

In kare ya ciji mutum ko ya yage shi:
- A wanke wurin nan take da ruwa da sabulu, minti 15 cikakku.
- A kai shi gidan likita a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Tun 1885 ake da allurar da ke ceton wanda aka ciza, amma sai an yi ta kafin alamu su fito. In sun fito, ba magani.
- Ƙona gashin karen a shafa ba ya kashe ƙwayar. Kada ya hana ku tafiya.
- In karen na gida ne, a ɗaure shi nesa da mutane ana lura da shi har kwana 15, a sanar da sarwis na kiwo. In ya mutu ko an kashe shi, kada a feɗe, kada a jefar. Mu za mu ɗauki kan don a aika awo.

6. KARE DA LAFIYAR GARKE

Akwai tsila iri biyu da ke zama cikin hanjin kare. Ƙwanta na fita cikin kashi, ya faɗa kan ciyawa da bakin ruwa, bisashe su ci. Ɗaya na yin ƙululun ruwa cikin ƙwaƙwalwar tunkiya ko akuya, ka ga tana juyi wuri guda har ta faɗi. Ɗayar na yin jakar ruwa cikin hanta da huhun raƙumi, saniya da tunkiya, kuma tana kama mutum. Da an yanka dabbar aka jefa ma kare kan ko huhun, sai tsilar ta koma gidanta, zagayen ya sake.

Yanke wannan zagaye ba wuya:
- Kada a ba kare ɗanyen kai, huhu ko hanta mai ƙululu. A ƙone ko a binne da zurfi. Mahauta, wannan magana taku ce musamman.
- A ba shi ƙwayar tsila, Praziquantel, miligiram 5 ga kowane kilo na nauyinshi, duk wata uku. A ɗaure shi kwana biyu, a binne kashin.
- Yara su wanke hannu kafin cin abinci, kuma kare ya samu kaskonshi daban.
- Kada a yi ma kare wanka da maganin kaskar shanu a ma'aunin shanu. Yana iya kashe shi. Ku tambaye mu tukuna.

7. TASHIN KWIKWIYO

Daga sati 8 zuwa 16 ne kare ke sanin su wa ne nashi. In na garke ne, ya kwana cikin garke tare da ƴan awaki masu sanyin hali, a yi mishi ɗan lungun da zai ɓuya in an tunkuye shi, a ba shi abinci a nan. Kada yara su mai da shi abin wasa a tsakar gida, in ba haka ba gida zai gada, ba garke ba. In ya bi ɗan rago da wasa, a tsawata mishi nan take, ba da duka ba. Sai ya haura shekara ake dogara gare shi shi kaɗai. Namijin da ba a son irinshi a kawo a fiɗiye shi: yawo ya ragu, faɗa ya ragu, ƴaƴan da ba mai so su ragu.

ABIN DA ZA A RIƘE

Ga mai bin garke a ƙasar Damagaram, karen gida ko na Azawak da aka san uwarshi ya fi karen waje da aka saya don suna. Kare amana ne na shekara goma ko fiye. Wanda ba zai iya ci da shi da allurarshi ba, gara kada ya ɗauka.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A ƘUNGIYA

1. Karnuka nawa ne a garinku ko zangonku, kuma nawa ke da karne?
2. Ina ake zubar da kai da huhun dabbar da aka yanka ranar kasuwa?
3. In kare ya ciji yaro yau da dare, wa zai kai shi likita, kuma da me?

Ku kawo amsoshinku ga ma'aikacin kiwo na karkararku, a tsai da ranar allura tare da maigari da arɗo. Ranar 28 ga watan Satumba ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya; yana da kyau kowane gari ya riga ta shiri. Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya albarkaci garke.