Wasiƙa ga Samarin Kilisa Masu Niyyar Ceton Ramammen Doki

'Ya'yana masu son doki,

Ina so mu yi magana a kan dokin da ba a kallo. Kowa ya san na ranar Hawan Daushe, wanda aka yi wa kwalliya har gezarsa. Duniya ma ta san shi, tun da UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na bil'adama a watan Disamba na 2024. Wanda nake nufi shi ne wannan dokin dai, wata uku bayan an naɗe kayan hawa an zuba a adaka: yana tsaye a turke cikin rana, awazu a waje, miki a gadon baya, ƙuda na bin idonsa. Mai shi ya saya ne don kwana uku na salla ko don hawan angwanci, bai taɓa lissafa kuɗin harawar shekara ba. Da yawa daga irinsa kasuwa ce makomarsu, daga nan a loda su a mota zuwa kudu, irin su Obollo-Afor a jihar Enugu, inda ake yanka dawaki.

Na san wasunku idan suka ga haka zuciyarsu ba ta daurewa, sai su haɗa kuɗi su saye shi. Allah ya yi muku albarka. Sai dai sayen shi ne mafi arha a cikin duk abin da ke gabanku, kuma tausayin da ya sa ku saya yana iya kashe dokin a makon farko.

Yaro ya kawo dokin gida, ya ga ƙasusuwa, sai ya cika masa kwano da gero da dusa, ya tsaya yana jin daɗin yadda yake ci. Bayan kwana uku zuwa biyar doki ya kwanta, bai sake tashi ba, a ce ai da ma ya riga ya lalace. Abincin ne ya kashe shi. Jikin da ya daɗe cikin yunwa ya koma cin kitsensa da namansa, gishirin jininsa ya yi ƙasa. Hatsi na shiga, sukari ya hau, sinadarin insulin ya yi ambaliya ya kwashe ɗan abin da ya rage na fosfaras da fotasiyam da maganisiyam daga jini ya tura cikin tsoka, sai zuciya da huhu da ƙoda su gaza. Mai azumi ma da dabino da kunu yake buɗe baki, balle wanda ya yi watanni yana lasar ƙasa. Likitocin dabbobi na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, a Amurka, sun gwada hanyoyi daban-daban, suka tsayar da wannan: busasshen ganyen alfalfa kimanin rabin kilo duk bayan awa 4 a kwana 3 na farko, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan ana rage yawan lokutan har zuwa kwana na 10, daga nan a bar shi ya ci iya cinsa. Hatsi kuwa babu shi sam a wannan tsakanin. A nan abin da ya fi kusa da alfalfa shi ne harawar wake ko ta gyaɗa, mai tsabta, wadda ba ta yi fumfuna ba, kuma likitan dabbobi ne zai faɗa muku adadin da ya dace da girman dokinku. Kafin ya mayar da jikinsa sosai za a ɗauki wata 3 zuwa 5. Wanda ke son ya hau shi a sallar layya bayan ya saye shi a ƙaramar salla, garin neman gira zai rasa ido.

Ku tuna kuma doki ba ya amai. Abin da ya shiga cikinsa ya shiga ke nan, tumbinsa kuma ƙarami ne idan aka kwatanta da jikinsa, don an halicce shi ne ya yini yana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan. Shi ya sa ciwon ciki ke saurin kayar da shi. Ruwa mai kyau ya kasance a gabansa ko da yaushe. A bazara jarka ɗaya mai lita 25 ba ta isarsa a yini. Maganin tsutsar ciki ma kada ku ɗura masa ranar da ya iso, ku bari likita ya duba ƙarfinsa tukuna. Kada kuma ku haɗa shi da sauran dawakin barga sai ya yi mako biyu zuwa uku shi kaɗai, musamman idan kun ga majina a hanci ko ƙuraje masu bin jijiyar ƙafa suna fashewa, don wannan yana yaɗuwa ta tsumma da sirdi da ƙuda.

Miki kuwa, don Allah ku raba shi da baƙin mai da toka da garin batir. Na san an gaji wasu abubuwan daga iyaye, har da ƙona kumburi da ƙarfe mai zafi, amma ruwan gishiri mai tsabta da hana ƙuda sauka sun fi su duka. Doki na cikin dabbobin da cutar tetanus ta fi saurin kamawa, ƙusa ɗaya a kofato ta isa, saboda haka allurar riga-kafinta ba abin jinkiri ba ce. Mikin baya maganinsa na farko shi ne a daina ɗora sirdi. Kofaton da ya yi tsawo ya lanƙwashe ba a gyara shi a zama ɗaya, ana fere shi ne a hankali, kuma sabon kofato daga sama zuwa ƙasa yana cin kusan shekara guda kafin ya gama fitowa. A sa likita ya leƙa bakinsa ma. Haƙoran doki na ci gaba da fitowa kusan duk rayuwarsa, suna yin kaifi su yanki kumatu, sai ku ga abinci na zubowa daga bakinsa alhali akwai yunwa.

Jiki ya fi saurin warkewa a kan tsoro. Dokin da aka saba yi wa bulala a fuska zai ɗaga kai da zarar kun ɗaga hannu, wanda linzami ya tsaga wa baki zai ƙi buɗewa, wani ya kai cizo, wani ya kai harbi. Samari sukan ce mugu ne. Tunawa yake yi. Ku zo masa ta gefen kafaɗa kuna magana, don ba ya ganin abin da ke daidai bayansa. Mutum ɗaya ya riƙa ba shi abinci a lokaci ɗaya kullum. A fara da ragama, a ja shi a ƙasa makonni, kafin a yi zancen sirdi, ƙaimi kuwa a rataye shi. Zai yiwu a ƙarshe ku gane ba zai sake hawuwa ba har abada, ya zama na kallo da ciyarwa kawai. Wannan ma ku sa shi a lissafi tun kafin ku miƙa kuɗi.

Akwai wadda ta riga ku shiga wannan hanya da nisa. A 1930 wata Baturiya 'yar Birtaniya, Dorothy Brooke, ta isa Alƙahira tare da mijinta, hafsan sojan doki. A titunan birnin ta ga tsofaffin dawakin sojan Birtaniya, waɗanda aka sayar bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, suna jan amalanke a rame. A 1931 ta rubuta wasiƙa a jaridar Morning Post, mutane suka aiko da kuɗi, cikin shekara uku ta sayi kimanin 5,000. Abin da masu ba da labarin ba su cika son faɗa ba shi ne yawancinsu sun riga sun wuce magani. Ta ba su hutu da abinci na ɗan lokaci, sannan aka kawo ƙarshen wahalarsu ba tare da azaba ba. Ni a ganina abin da ta yi a 1934 ya fi sayen muhimmanci: ta buɗe asibitin da ke duba dawaki da jakunan talakawa kyauta. Ta gane cewa mai amalanke ba don mugunta yake barin dabbarsa a haka ba, shi ma da ƙyar yake ci. Ƙungiyar da ke ɗauke da sunanta, Brooke, har yau tana aiki, har a Senegal. Don haka kafin ku kwance doki daga turken wani, ku tambaya ko ɗaurin harawa da ziyarar likita za su ishe shi ya riƙe kayansa. Idan kuka biya mai sakaci kuɗi mai tsoka, da kuɗinku zai sayi wani dokin a salla mai zuwa.

Saura inda zai je bayan ya warke, kuma a nan ne aka fi yin asarar wahala. Doki na iya kai shekara 25 zuwa 30, ku kuma ga karatu, ga neman aure, ga tafiye-tafiye a gabanku. Da zarar ya yi ƙiba gashinsa ya fara sheƙi, masu taya shi za su yi yawa, har da wanda ya bar shi a rana. Ƙungiyar World Horse Welfare ta Birtaniya, wadda Ada Cole ta kafa a 1927, ba ta sayar da dokin da ta farfaɗo da shi. Aro take bayarwa: dokin nata ne har mutuwarsa, jami'anta na zuwa duba shi, idan riƙon ya gaza ta karɓe kayanta. Mu da muka san ba da kiwo tun kaka da kakanni, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ku je da ƙafarku ku ga gidan da zai koma. Akwai rumfa? Wa zai ɗebo ruwa idan mai gidan ya yi tafiya? Yaya sauran dabbobinsa suke a watan Afrilu, lokacin da harawa ta yi tsada? Ku rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa da shaidu biyu, a ciki a faɗi cewa ba za a sayar ba, ba za a ba da haya ga masu hawan biki ba, kuma kuna da ikon zuwa ba tare da sanarwa ba. Idan mutum ya ji nauyin sa hannu, ko da ɗan'uwan babanku ne, ku ba shi haƙuri cikin ladabi ku nemi wani.

Ku gaida iyayenku. Wassalam.

Baffanku.