Yadda Ake Buga Tsoffin Wasannin Gem a Wayar Hannu

Lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021, duk mai tsohon gem a wayarsa, a Gusau yake ko Tsafe ko Bungudu, bai rasa abin ɗebe kewa ba. Wasanni ne da ba sa cin data, kuma Tecno ko Infinix da ke aljihu ta isa ta ɗauke su, muddin an sa mata manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'urar wasan.

Da farko a sauke PPSSPP daga Play Store. Kyauta ce, Henrik Rydgård ya fitar da ita a 2012, tana buɗe wasannin PSP, na'urar da Sony ya saki a 2004, irin su PES da Tekken 6. Mai kewar Contra ko Mortal Kombat na zamanin Sega sai ya nemi RetroArch.

Sai fayil ɗin wasan, wanda ke ƙarewa da ISO ko CSO. Hanya mai tsabta ita ce mutum ya kwafo daga faifan da ya mallaka, domin wasannin nan suna da masu haƙƙi. Idan fayil ya zo a dunƙule, a warware shi da ZArchiver, a ajiye a jaka guda, a nuna wa PPSSPP jakar.

Saiti ne ke wahalar da mutane. Idan hoto na sarƙewa, murya na yankewa, kada a ɗora wa wayar laifi tukuna. A shiga sashen hoto na saitin PPSSPP, a rage kaifinsa zuwa 1x, a sa tsallaken hoto a 1. In bai gyaru ba, a sauya daga Vulkan zuwa OpenGL, ko akasin haka, don kowace waya da wanda ta fi so. A rufe sauran manhajoji. Kuma a zafin Afrilu kada a buga ana caji. Waya na ɗaukar zafi ta rage gudu, batir ya sha wuya.

Wanda ya sayi ƙaramar na'urar gem irin R36S maimakon waya kuwa, tun ranar farko ya kwafe memorin da ya zo da ita zuwa sabo mai inganci, don na ciki bai cika daɗewa ba. Tana jan wasannin PlayStation na 1994 sumul, amma manyan wasannin PSP sun fi ƙarfinta.