Ɗakin Rabin Aji Shi Ma Malami Ne

Aikina shi ne horar da malaman ajin share fage, wanda iyaye suka fi sani da rabin aji, kuma aikin kan kai ni makarantu a Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Kusan duk inda na shiga nakan tarar da abu ɗaya: ɗakin da ya fi kowanne lalacewa shi ake bai wa yaran da suka fi kowa ƙanƙanta. Bencin da 'yan aji shida suka gama da shi ake turo musu, yaro ya hau ƙafarsa na lilo, allon bango kuma yana can sama sai ya ɗaga wuya kafin ya ga harafi. A wasu makarantun kuɗi na cikin Gusau kuwa wata matsalar ce: an cika bango da zanen 'yan tsana da launuka har babu inda ido zai huta. Duka biyun suna cutar da karatu, domin yaro ɗan shekara huɗu ko biyar da idonsa da hannunsa da ƙafarsa yake koyo, ba da kunne kaɗai ba.

Wannan aji ba alfarma ba ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, kuma Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 2013 ta tanadi shekara ɗaya ta share fage kafin firamare, malami ɗaya ga yara 25. Masana ma sun auna tasirin ɗaki. A 2015 masu bincike na Jami'ar Salford a Ingila, ƙarƙashin Farfesa Peter Barrett, sun nazarci azuzuwa 153 a makarantun firamare 27, suka gano cewa yanayin ɗaki shi ke da alhakin kashi 16 cikin 100 na bambancin ci gaban yara a shekara guda. Haske da iska da zafin ɗaki su ne suka ɗauki kusan rabin wannan tasiri.

Saboda haka daga nan nake farawa da kowane shugaban makaranta. A watannin Maris da Afrilu, ɗaki mai rufin kwano babu silin yakan gasa yara tun kafin azahar, sai ka ga suna gyangyaɗi ana cewa ba su da ƙwaƙwalwa. A ba su ɗakin da ke da tagogi a ɓangarori biyu don iska ta ratsa, a sa silin ko da na tabarmar kaba ne, a dasa darbejiya a gefen da rana ke duka. Da hunturu kuma tagogi su kasance masu rufuwa, a yayyafa ruwa kafin shara don ƙura kada ta tashi.

Sai a sauko da komai daidai tsawon yaro. Tun 1907, da Maria Montessori ta buɗe gidan yaranta na farko a wata unguwar talakawa a birnin Rum, abin da ta fara yi shi ne ƙera ƙananan kujeru da tebura da yaro zai iya ɗauka da kansa. Mu ma ba baƙin wannan hikima ba ne: a makarantar allo kowane almajiri yana zaune a ƙasa, allonsa na hannunsa. Tabarma mai tsabta da 'yan kujerun tsugunno sun fi babban benci amfani. A shafa baƙin fenti a ƙasan bango, daga gwiwar babba zuwa ƙugunsa, yara su samu allon da za su yi ta zane da alli. Kanta ta zama gajera, marar ƙofa, yaro ya ɗauko abu ya mayar ba tare da ya jira Malama ba.

Bayan haka a raba ɗakin lungu-lungu, ko da da tabarma ko kwali aka yi iyaka. Lungun karatu: 'yan littattafan hoto da katunan haruffa. Lungun lissafi: ƙwallayen goruba, marafan robar lemo, gwangwanaye manya da ƙanana don ƙirga da jerawa da awo. Lungun gini da ƙira: karan dawa, yumɓu, guntayen katako da kafinta ya goge musu kaifi. Lungun kasuwa ko gida: mudu, faifai, ludayi, tsohon sikeli. A nan ne yaro ke cewa "Nawa ne mudu?" ɗan uwansa ya amsa, harshe da lissafi su shiga tare. Tsakiyar ɗaki kuwa a bar ta fili don da'ira da waƙa da tatsuniya. A kula kada a ajiye ƙananan abubuwan da yaro zai iya haɗiyewa ko cusawa a hanci.

Game da ado, kaɗan ya fi. A 2014 masu bincike a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka sun gwada ƙananan yara a ɗaki mai cunkoson ado da kuma wanda bangonsa ke fili. A mai cunkoson hankalinsu ya fi rabuwa, abin da suka riƙe kuma ya ragu. A liƙa abin da ake koya a wannan makon, a sauya shi idan an wuce. Hoton ya zama na abin da yaro ya sani: akuya, gero, randa, babur, dutsen Kwatarkwashi. Mafi darajar abin da za a rataya shi ne zanen yaran kansu, kowanne da sunan mai shi.

Akwai abin da mu Zamfarawa bai kamata a tuna mana ba, wato gubar dalma. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Waccan daga dutsen zinariya ta fito, amma wasu fentocin mai, musamman ja da rawaya, su ma suna ɗauke da dalma, kuma yaro yakan ɓantari fenti ya kai baki. A tambayi mai sayarwa, a zaɓi fentin ruwa ko farar ƙasa, a gyara duk bangon da ke ɓarewa. A kuma ajiye randa mai murfi da buta da sabulu a bakin ƙofa don wanke hannu.

Kada kuma mu manta da yaran da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu. Da yawansu suna zaune a azuzuwanmu, ƙarar rufe ƙofa ma takan firgita su. Irin wannan yaro yana buƙatar ɗaki mai tsari wanda ba ya sauyawa kullum: wurin zamansa sananne, ƙugiyar rataya jakarsa da alamarsa, da wani lungu mai tabarma da matashi inda zai keɓe idan zuciyarsa ta cika, Malama tana hangensa. Hanyar ƙofa ta kasance a buɗe, babu tarkace.

Malamai 'yan uwana, shugabannin makarantu, da 'yan kwamitin iyaye da al'umma, gani ya kori ji. Kafin a koma sabon zango, ku shiga rabin ajinku ku tsuguna har idonku ya yi daidai da na ɗan shekara huɗu, ku duba abin da yake gani da abin da hannunsa ke kaiwa. Ku rubuta gyara uku da za a iya yi cikin mako guda, ku kira kafintan unguwa da matan da ke saƙa tabarma, ku roƙi iyaye kowa ya kawo abin da yake da shi. Abin da ya fi ƙarfinku, kamar silin da tagogi, ku kai shi a rubuce ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ku kuma bi sawu. Ɗaki mafi kyau a makaranta haƙƙin mafi ƙanƙanta ne. Allah Ya raya mana su, Ya ba mu ikon sauke amanarsu.