Yadda 'Yan Ƙasa Suka Shiga Manyan Kamfanoni

Sa'ad da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, ragamar ciniki ba ta dawo hannun 'yan ƙasa ba. Kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt da CFAO su ne ke shigo da hajja, su ne kuma ke riƙe da manyan kantuna. Tun zamanin mulkin mallaka, yawancin attajiran ƙasa wakilai ne masu sayen gyaɗa ko koko su miƙa wa waɗannan kamfanoni. Ta wannan hanya ce Alhassan Ɗantata na Kano, wanda ya rasu a 1955, ya ƙasaita.

Dokar 1972

A 1972 Gwamnatin Mulkin Soja ta Janar Yakubu Gowon ta kafa dokar mayar da sana'o'i hannun 'yan ƙasa, aka ba baƙi wa'adi zuwa 1974. Dokar ta keɓe sana'o'i 22 ga 'yan Nijeriya kaɗai. A waɗansu 33 kuma, sai baƙo ya sayar wa 'yan ƙasa kashi 40 cikin ɗari na hannun jari. A 1977 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙarfafa dokar, ta kasa sana'o'i gida uku: na 'yan ƙasa zalla, da na kashi 60, da na kashi 40.

Su wa suka amfana?

Hannun jari sai da kuɗi. Waɗanda suka fi saye su ne manyan 'yan kasuwa da manyan ma'aikata, musamman na Ikko, domin su ne bankuna ke ba rance. Gwamnatocin jihohi ma sun saya da sunan jama'arsu. Waɗansu kuwa sunansu kawai suka ba da aro: takarda tasu, amma iko da riba na baƙo. An soke dokar a 1995 domin jawo jari daga waje.

Abin lura

Doka tana iya sauya sunan mai kamfani, amma ba ta koya wa mutum sarrafa kaya. Attajirin da ya tsaya ga shigo da hajja, arzikinsa ya rataya ne ga masana'antar wata ƙasa. Wanda ya kafa tasa, kamar yadda Aliko Ɗangote ya tashi daga sayo siminti zuwa yin sa a Obajana, shi ne ke samar wa dubban mutane aikin yi. Saboda haka ya kamata kowane ɗan ƙasa ya riƙa auna attajiri da abin da ake ƙerawa a masana'antarsa, da yawan ma'aikatansa, da harajin da yake biya.