Waƙafi ko Ɗigo? Yadda Kwamfuta ke Karanta Adadi a Bakin Iyakar Konni

Tun ranar 1 ga Janairu 1999 aka ɗaure kuɗin sefa da yuro a kan farashi guda, wanda takardun Nijar ke rubutawa 655,957. Ɗalibin da ya yi boko a Bazaga ko Birnin Konni zai karanta shi a matsayin sefa 655 da ɗan gutsure. Takwaransa na Illela ta jihar Sakkwato, a tsallaken iyaka (ba Illela ta jihar Tawa ba), zai ce ai dubu 655 ne da 957. Dukansu Hausawa ne, amma tsakanin karatun nasu akwai ninki dubu.

Dalilin yana cikin ƙa'idojin rubutun da kowace ƙasa ta gada. Nijar ta bi Faransanci, inda waƙafi ke raba cikakken adadi da gutsurensa, a bar fili tsakanin dubbai: 1 250,75. Najeriya ta bi Ingilishi, inda ɗigo ke raba gutsure, waƙafi kuma ya raba dubbai: 1,250.75. Babban taron duniya kan awo da ma'auni na 2003 bai fifita ɗaya ba, ya amince da alamomin biyu. Ga ɗalibin kimiyyar harshe wannan ba baƙon abu ba ne: alama ba ta zuwa da ma'anarta, al'umma ce ke ɗora mata.

To, ita kwamfuta fa? Abin da aka buga mata da farko rubutu ne kawai, jerin alamomi bakwai. Kafin ta yi lissafi sai manhaja ta juya shi zuwa nau'in adadi mai gutsure da ake kira float, kuma harsunan shirya manhaja sun sha bamban a nan. Idan aka ba float() na Python "655,957", zai ƙi karɓa, ya nuna kuskure. Shi parseFloat na JavaScript yana isa waƙafi sai ya tsaya, ya ba da 655. A C# kuwa, double.Parse yana bin tsarin yankin da aka saita na'urar a kansa, sai fa an faɗa masa wani: da fr-FR amsar ita ce 655 da gutsure, da en-US kuma 655957.

A ganina na Python ya fi alheri, domin kuskuren da ya yi ƙara ana gyara shi nan take. Na shiru shi ne mugu. A ɗauka magatakardan ƙungiyar manoma a Galmi, cikin gundumar Malbaza, ya rubuta tan 12,5 na albasa, aka karanta fayil ɗin da C# a tsarin Ingilishi. Manhajar za ta ɗauki waƙafin a matsayin mai raba dubbai, ta yar da shi, tan 125 ya shiga lissafi ba wanda ya ji ko tari. Har filin da ke tsakanin dubbai ma tarko ne, don tun 2018 kundin CLDR na Unicode yake ba Faransanci wani siririn fili, U+202F, wanda ido ba ya bambanta shi da na kullum.

Sanin harshen mai rubutu bai wadatar ba. Shi ya sa lambobin yanki ke haɗa harshe da ƙasa, kamar ha-NE da ha-NG da fr-NE. Duk da haka akwai abin da ba su kama ba: a kasuwannin Nijar da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa biyar, don haka wanda ya ce "ɗari" sefa 500 yake nufi. Mai tattara bayanai ne zai warware wannan tun kafin ya taɓa allon rubutu.

Matsalar tana iske mu har cikin ɗakin nazari. Praat yana rubuta tsawon wasali da ɗigo, misali daƙiƙa 0.085, amma Excel na Faransanci yakan ɗauki wannan a matsayin rubutu, ya tsallake shi wajen fitar da matsakaici. Saboda haka a riƙa adana bayanai da tsari guda, ɗigo ba tare da mai raba dubbai ba, a bayyana yankin ƙarara duk lokacin da za a juya rubutu, a bar tsarin gida ga abin da za a nuna wa mai karatu. In kuɗi ne kuwa, a guji float, a ɗauki nau'in decimal, domin a ma'aunin IEEE 754 jimlar 0.1 da 0.2 tana fitowa 0.30000000000000004.