Yadda ake ƙara layi a fayil ba tare da goge na baya ba

Motar da ta taso daga Katsina za ta Maraɗi, ta Magama Jibiya take bi kafin ta tsallaka Ɗan Isa. Rufe iyakar da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya daƙile kasuwa, sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe. 'Yan canji kuwa aikinsu bai sauya ba: naira ta shiga, sefa ta fita, a rubuta. Mai son ajiye lissafin a kwamfuta, layi biyu na Python, yaren da Guido van Rossum ya fitar a 1991, sun ishe shi:

with open("ciniki.txt", "a", encoding="utf-8") as f:
    f.write("Maraɗi, sefa 50000\n")

Da farko a buɗe fayil. Harafin "a" ɗin nan shi ne ƙashin bayan aikin, don shi ke sa duk abin da aka rubuta ya sauka a ƙarshen fayil, ƙarƙashin cinikin jiya. In babu fayil ɗin, Python zai ƙirƙiro shi. Wanda ya sa "w" a gurbinsa kuwa ya tafka asara: da buɗewa, tun kafin a rubuta ko harafi, lissafin wata guda ya shafe, ba tambaya ba gargaɗi. Nan masu koyo suka fi faɗawa rami.

Sai rubutun kansa. Umarnin write ba ya sauka sabon layi don kansa, dole a liƙa masa \n a ƙarshe, in ba haka ba cinikin safe da na yamma su manne a layi ɗaya.

Batun utf-8 ya fi shafar Bahaushe. A kwamfutocin Windows da yawa, in aka bar shi, ɗ ɗin Maraɗi kaɗai ta isa ta tsayar da shirin, haka ma ƙ da ɓ.

Kalmar with ita ke rufe fayil da zarar an gama, abin da aka rubuta ya zauna daram. A wurin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, gara a buɗe, a rubuta layi guda, a rufe, da a bar fayil a buɗe wuni sukutum. Masu aiki da Bash a Linux alamar >> ke yi musu aikin ƙara layi, > guda ɗaya kuwa shafewa take.